Da gaske ɗan'adam ya taka wata? Gardamar da ta hana gidanmu barci

Daren Asabar Auta ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na danginmu, wanda ke cewa saukar Amurkawa a duniyar wata a 1969 wasan kwaikwayo ne aka shirya a ɗaki. Yawancinmu a Jos muke, Injiniya ne kaɗai a Abuja. Ni ce Malama, kimiyya nake koyarwa a sakandare, kuma maganar ta dame ni domin ɗalibaina ma suna kawo mini ita. Ga yadda aka yi, da izinin kowa.

Auta: Salamu alaikum. Ku duba wannan. An ce babu iska a wata, amma ga tuta tana kaɗawa. Sama kuma baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya babu. Ni fa na fara shakka.

Yaya Babba: Sai yau ka fara? Ni ban taɓa yarda ba. Tambayata ɗaya ce. In sun je a 1969 da kwamfutar da ba ta kai wayar hannuna ba, me ya hana su sake taka shi tun 1972?

Malama: Wa alaikumus salam. Auta, sake kallon tutar da kyau, akwai sanda a kwance a samanta, ita ta miƙar da ƙyallen, don sun san babu iskar da za ta buɗe shi. Tana motsi ne lokacin da suke murɗa sandar cikin ƙasa, kuma rashin iskar ne ma ya sa ba ta tsayawa da wuri. Taurari kuwa, rana ce a can wata lokacin da suka sauka, ƙasa na ƙyalli, kayansu farare fat. Je Terminus da dare ka ɗauki hoton mai shayi a ƙarƙashin fitila, ka gaya mini taurari nawa suka fito a hoton.

Yaya Babba: Malama, tambayata fa?

Injiniya: Yaya, bari in karɓa. Kuɗi ne. A 1966 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na cin fiye da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka, yau ko rabin kashi 1 ba ta samu. Tsere suke yi da Tarayyar Sobiyet, da suka ci sai 'yan majalisa suka ɗaure bakin jaka, aka soke tafiye-tafiyen zuwa wata na Apollo 18, 19 da 20. Ka tuna jirgin Concorde? Daga 1977 zuwa 2003 yana kai fasinja daga Landan zuwa New York cikin awa uku da rabi. Yau awa bakwai ko takwas ake yi. Ba za ka ce ba a taɓa yin Concorde ba don ya daina tashi.

Yaya Babba: Concorde mutane sun gan shi da idonsu. Wata wa ya gani? Amurka ce ta je, Amurka ce ta ɗauki hoto, Amurka ce ta ba da labari. Mai kaya shi ne shaida, shi ne alƙali.

Kawu: Ku dakata in sa baki. A lokacin ina saurayi, ina aikin kuza a Bukuru. Ana tsakiyar yaƙin basasa, Gowon na mulki, kowa kunnensa na jikin rediyo. Daren Lahadi ne, cikin damina, ga sanyin Jos. Bayan ƙarfe 9 aka ce sun sauka, shi kuma Neil Armstrong, wanda ya fara taka watan, bai sa ƙafa a ƙasa ba sai wajen ƙarfe 4 na asubahin Litinin. Da gari ya waye an yi gardama a bakin masallaci kamar yadda kuke yi yanzu. Abin da ya sa ni ban yi musu ba, mun riga mun san mutanen nan suna da tasha a Kano ta bin sawun kumbo. A 1962 da ɗan sama-jannatinsu John Glenn ya zagaya duniya sau 3, ya yi magana da tashar Kano yana sama. A 1963 kuma Kennedy ya yi waya da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam. Abin ba daga sama ya faɗo mana ba, mun ga yana tahowa.

Yaya Babba: Allah ya ƙara lafiya, Kawu. Zagaya duniya ban musa ba. Amma wata nisansa kilomita 384,000 ne, in ji su.

Malama: Yaya, ka ce babu shaida sai mai kaya. To abokin gabarsa fa? Rashawa na da na'urorin bin sawun kumbo, kuma a ranakun nan nasu kumbon maras mutum, Luna 15, yana zagaya watan, ya faɗi ya tarwatse ranar 21 ga Yuli, su Armstrong na can. Da ƙarya ce, wa zai fi Mosko murnar tona asiri? Ba su taɓa musantawa ba. Kuma ba sau ɗaya aka je ba, sau 6 aka sauka, mutum 12 suka taka. A 2021 kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya ɗauko hoton wurin da Apollo 11 da 12 suka sauka, ga gindin jirgin nan a zaune.

Goggo: Ni abin da na sani tun muna 'yan mata, an ce Armstrong ɗin ya ji kiran salla a can, da ya je Masar ya sake jin irinsa sai ya musulunta.

Malama: Goggo, ki yi haƙuri, wannan bai faru ba. Shi da kansa ya musanta, har gwamnatinsu ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a 1983. Ya rasu a 2012. Abin da ke ba ni takaici, sau da yawa bakin da ya ce ba a je ba shi ne zai ce an ji kiran salla a can. Addininmu ba ya bukatar labarin da ba a yi ba. In Musulmi ake nema, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985, wani likita ɗan Malesiya kuma ya je a 2007 cikin watan azumi, har malaman ƙasarsu suka tsara masa yadda zai yi salla.

Goggo: To, Allah ya sa mu dace. Haka dai muka taso muka ji.

Injiniya: Akwai kuma madubin da suka bari. Har yau ana harba hasken lesa daga Amurka da Faransa, ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi.

Yaya Babba: A nan na kama ka. Rashawa ma sun ajiye irin madubin da motar da babu mutum a ciki. Ashe madubi ba ya nuna mutum ya je.

Injiniya: Gaskiyarka, Yaya. Madubi shi kaɗai bai isa hujja ba, na janye shi.

Kawu: To ku bar madubi ku zo kan dutse, nan ne fagena. Kilo 382 na duwatsu da ƙasa suka kwaso. Na'urar Rasha da ta je a 1970, giram 101 ta iya kawowa. Duk wanda ya yi wankin kuza ya san dutsen duniya ruwa ya taɓa shi, iska ta ci shi. Na wata babu tsatsa, babu laka, jikinsa duk ƙananan ramuka na ƙurar sama da ke dukansa. Masana daga ƙasashe da yawa sun auna su shekara da shekaru. Dutse ba ya karɓar cin hanci. Sannan wani abu da zai ba ku mamaki, kolumbayit ɗin nan da muke warewa daga kuza, daga irinsa ake fitar da ƙarfen da aka yi bakin injin jirgin saukar da shi, saboda yana jure wuta.

Auta: Kawu, wallahi ban taɓa jin wannan ba. To in muka hau Dutsen Shere da madubin hangen nesa, za mu ga tutar?

Malama: A'a, Auta. Ko Hubble, babban madubin hangen nesan da ke sararin samaniya, ba ya iya ganinta, ta yi ƙanƙanta ga wannan nisa. Amma filin da suka sauka ana ganinsa da ido, yana cikin duhu-duhun nan da ke fuskar wata.

Yaya Babba: Na yarda na'ura ta je. Na yarda an kawo dutse. Mutum dai, ku bar ni tukuna. Malama, turo mini hoton Indiyawan nan, ba na Amurka ba, in gani da idona.

Malama: Ga shi nan tafe, Yaya. Daren sha huɗu ga wata kuma in babu hadari ku zo gida bayan isha'i, zan aro madubin makaranta. Auta, kai za ka ɗauko Kawu.