Ta yaya zan kare masu walda daga korona a cikin tankin jirgi?

Assalamu alaikum. Ni ke kula da masu walda goma sha biyu a wani wurin gyaran jiragen ruwa a Legas. Aiki bai tsaya ba duk da korona, kuma biyu daga cikinsu suna killace yanzu.

A filin aiki babu damuwa, ana ba da tazarar mita biyu kamar yadda NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ta ce a shekarar 2020. Cikin tankin jirgi ne abin ya gagare ni. Ƙofar shiga rami ne da mutum ɗaya ke ratsawa da kyar, ciki kuma mai walda da yaronsa kafaɗa da kafaɗa suke, wani lokaci awa uku.

Na raba takunkumin asibiti. Kafin rabin awa gumi ya jiƙa shi, gilashin hular walda ya yi hazo, na mutum ɗaya ma tartsatsi ya huda shi, sai suka koma saukar da shi ƙarƙashin haɓa. Na kawo takunkumin kare hayaƙi mai bawul, suka ji daɗinsa, amma bawul ɗin numfashin mutum yake fitarwa ba tacewa, kai tsaye zuwa fuskar abokin aiki. Sanitaiza kuwa na hana shiga da ita, tunda tana kama wuta. Na ƙara fanka mai zuƙe iska, to iskar ta yi yawa har tana ɓata waldar.

Don Allah, wanda ya san aikin nan: wane irin takunkumi ne ke shiga ƙarƙashin hular walda, ya jure tartsatsi da gumi, kuma ya tace numfashin da mutum ke fitarwa?