Don Allah a taimaka: a nawa zan yanke filtar wufa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kaina ya kulle. Yayana ne ya ba ni jari na haɗa kayan sauti na haya, har na karɓi kafin alƙalami na bikin ranar Asabar. 'Yar maƙwabcinmu ce, in na ba da kunya ba ni da bakin magana a unguwa. Na haɗa filta mai barin ƙasan sauti kawai ya wuce, da IC (ƙaramin cif) TL072, rizisto 10k biyu, kafasito 104 (wato 0.1µF) biyu, wufar, wato babbar sifikar ƙasan sauti, inci 18 ce. Muryar mawaƙi na fitowa ta cikinta, ga ƙugi ya ƙi tsayawa. A nawa zan yanke, wato daga Hz (ma'aunin firikwansi) nawa filtar za ta fara rage sauti?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Lissafin 1/(2πRC) ne, 10k da 104 sun ba ka 159 Hz. Kaurin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, dole ka ji ta. Kuma filta ba wuƙa ba ce, irin taka 12 dB kawai take ragewa duk sanda firikwansi ya ninka. Sa 20k ka sauko 80 Hz. Magana ta ƙare.

Mai gyara daga Zariya: Oga, 80 ta falo ce. A fili, in sifikun sama, masu fitar da murya, ƙanana ne, rami zai bari a tsakiyar sauti tsakaninsu da wufa. Ya sa 15k, wajen 106 Hz. Ƙanina, inci nawa ne na samanka?

Mai tambaya: Ai a jikin wani tsohon bod na kwafo 10k ɗin, kuma can yana aiki lafiya. Ina zargin IC ne.

Wani memba: Jabu sun cika kasuwa! Ni ma haka aka sayar mini IC NE5532, ina kunnawa ya ɗau zafi, na mayar mai shagon ya ce bai san ni ba. Allah ya isa.

Injiniya: Ba IC ba ne. Ƙugin ma 50 Hz ne na wutar NEPA, ko 100 Hz daga rektifaya (mai juya wutar AC zuwa DC), filtar ba za ta tare shi ba. Duba wayar at (earth) ɗinka. Kuma cire waɗannan kafasito na seramik, ƙimarsu na kaucewa, sa na foliyesta. 80 na ce.

Mai gyara daga Zariya: Har yanzu bai faɗi sifikun sama ba.

Mai tambaya: At ɗina lafiya lau, ni na yi dalmar da hannuna. Gobe zan shiga Sabon Gari in canjo IC tukuna. Akwai wanda zai ara mini janareto ranar Asabar?