Ɗalibaina sun haddace magani, amma sun kasa magana da iyaye

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ina koyar da ɗaliban jinya kula da yara. A aji sun iya komai: ruwan gishiri da sukari, da maganin zinc, ga yaro mai gudawa. A ɗakin yara kuwa sai su daburce. Uwa na kunyar ɗan fari, kai a sunkuye. Kaka ce ke amsawa, ta ce ai haƙori ne, jiƙo ya isa. Na gwada wasan kwaikwayo, dariya kawai suke yi. Don Allah yaya kuke koya musu shawo kan kaka ba tare da cin fuska ba, uwar ma ta samu bakin magana?