Karanshaf ɗin Golf 3 ya ci metal, in yanka ko in sayi Beljiyam?

Direban_Zariya:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin inji ku ban shawara. Golf 3 gare ni mai inji 1.8 ina lodin Kano zuwa Zariya da ita, to kwanan nan fitilar oyil ta fara ƙiftawa in mota na tsaye a silo, daga baya sai ƙara ƙwas ƙwas daga ƙasan inji musamman in na taka totur. Bakanike ya sauke, metal ɗin kwanrod na lamba uku (wato shimfiɗar ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf) ya cinye har ya karce karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, in ka sa farce kana jin layi. Shi ya ce a kai wa masu turna su yanka, wani abokina kuma ya ce wai yankakken karanshaf ba ya daɗewa gara in shiga Ƙofar Ruwa in ɗauko Beljiyam. Kuɗin ba su da yawa wlh, kuma motar nan ita ke ciyar da gida.

Oga_Turna:
Wa alaikumus salam. Malam abokinka bai faɗi daidai ba, ko kuma ya gamu da wanda bai iya yanka ba. Kafin ma a yi maganar yanka ko saye a fara sa maikuromita a auna, ba a duba da ido a yanke hukunci. A injin nan wajen men metal, inda karanshaf ke zama a jikin inji, 54.00mm ne in sitanda ne wato ba a taɓa yankawa ba, wajen kwanrod kuma 47.80mm, kuma kamfani da kansa ya yarda a rage 0.25 ko 0.50 ko 0.75, su ne muke ce wa 010 da 020 da 030, kowanne da metal ɗinsa a kasuwa. In naka sitanda ne kuma karcewar ba ta yi zurfi ba 010 zai share ta tas. Amma sau da yawa motar haya sai ka tarar an taɓa yankawa tun kafin ta zo hannunka, mai ita ma bai sani ba, don haka a juya bayan tsohon metal ɗin a karanta lambar da ke jiki. In ya riga ya kai 030 ka haƙura da shi. Haka in wajen ya yi shuɗi saboda zafi, ko an rataye shi an ƙwanƙwasa ya yi ƙara dum maimakon ƙara irin ta ƙararrawa, akwai yiwuwar tsagewa a ciki, wannan ko kyauta ba na taɓawa. Masu cika shi da walda su sake yankawa kuma ni dai ba na ba mai motar haya wannan shawarar.

Abban_Khadija:
Ni dai Beljiyam zan ce, amma ka je da bakanikenka kar ka je kai kaɗai, akwai waɗanda nan gida aka cire su aka wanke da fetur aka goge.

Oga_Turna:
To ka ga matsalar kenan Alhaji, shi ma Beljiyam ɗin sai an auna shi, ai tsoho ne ba sabo ba.

Baba_Makanike:
Yaro duk wanda ka zaɓa a cikin biyun nan in ba ku gano abin da ya hana oyil zuwa ba to kun yi aikin banza, metal ba ya cinyewa haka kawai. Fitilar nan da ka ce tana ƙiftawa ita ce ta fara gaya maka. A duba oyil famfo da rariyar da ke cikin kwanon baƙin mai, yawanci datti ne ke toshe ta saboda jabun mai da rashin juyewa a kan lokaci. Sannan kwanrod ɗin lamba ukun shi ma a auna bakinsa, in metal ya juya a ciki bakin ba ya zama da'ira kuma, ka sa sabon metal sati kaɗan ya sake ci sai a ɗora wa mai turna laifi. Bayan yanka a wanke ramukan oyil na cikin karanshaf da buroshi a hura iska, garin ƙarfe na maƙalewa a ciki. Kuma dan Allah a ɗaure da sifana mai awo, ba wai yaron shago ya sa bututu ya ja da ƙarfin tuwo ba. In an gama ɗaure men metal a juya da hannu, ya kamata ya juya sumul ba cijewa.

Direban_Zariya:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu na kira bakaniken ya duba bayan metal ɗin ya ce STD aka rubuta wato sitanda, gobe in sha Allahu za mu kai a auna har da kwanrod ɗin. Oyil famfon fa, wankewa za a yi ko in canza gaba ɗaya?

Baba_Makanike:
Canza shi, garin metal ɗin nan ya riga ya bi ta cikinsa. Filta ma sabuwa, kuma kar ka yi mata cikakken lodi da gudu sai ka juye man farko.