Me ya sa sunan Iginla ba ya jikin Kofin Stanley?

Baban Sadik:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturunmu na biyu ke nan a Calgary, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina roƙon waɗanda suka riga mu zama a Kanada su warware mini.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne, ya haura saba'in. Asabar ɗin da ta wuce muna kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, kowa da shebur ɗinsa, sai ya tambaye ni daga wace ƙasa muke. Ina cewa Najeriya sai ya jingine shebur ya shiga gida. Can sai ga shi da wata jar rigar wasan hoki na kan ƙanƙara, ta sha jiki har lambar bayanta ta fara ɗagowa. Lamba 12 ce, a samanta an rubuta Iginla. Ya ce wannan jinin ƙasarku ne, kaka goma sha shida ya yi mana wasa. Ya miƙa wa Sadik kyauta. Yaron shekararsa tara, rigar har gwiwa take kai masa, amma tun ranar da kyar ake raba shi da ita a wanke.

Abin da ya dame ni shi ne, da na tambayi dattijon sau nawa Iginla ya ɗauki kofi, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ya ce ko sau ɗaya. Sai ya ce 2004, ya ɗauki shebur ɗinsa ya ci gaba da aiki. Na ga ransa ya sosu, ban ƙara tambaya ba.

To wane ne Iginlan nan, kuma me ya faru a 2004? Sannan Sadik ya ce an faɗa musu a makaranta kofin guda ɗaya ne tun zamanin da, kuma ana sassaƙa sunan kowane ɗan wasa a jikinsa. Da gaske ne? Ina so in san abin da zan faɗa wa yaron nan idan ya tambaye ni.

Kawu na Toronto:

Wa alaikumus salam Baban Sadik, sannu da sanyi. Maganar 2004 na bar wa mutanen Calgary, su suka ji a jikinsu. Ni bari in yi maka bayanin kofin, don na kai baƙi kallonsa ba sau ɗaya ba.

Wani gwamnan Ingila a Kanada, Lord Stanley, shi ya sa aka sayo shi a 1892. Tasa ce ta azurfa da aka ƙera a Sheffield, kuɗinta gini goma a kuɗin Ingila na lokacin. A 1893 aka fara ba da ita ga wata ƙungiyar Montreal. Ka ga ke nan kofin ya girmi NHL kanta, wato babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, don ita sai 1917 aka kafa ta.

Abin da aka gaya wa Sadik gaskiya ne, amma da ɗan gyara. Ba a ƙera sabo kowace shekara. Wanda ya ci bana, shi zai mayar a ba wanda ya ci baɗi. Sai dai ainihin tasar Lord Stanley ta tsufa ta yi laushi, an ajiye ta a gidan tarihin hoki da ke nan Toronto, cikin wani tsohon ginin banki, a ɗakin ajiyar kuɗi mai ƙaton ƙyauren ƙarfe. Wanda 'yan wasa ke ɗagawa yanzu kwafi ne da aka yi a shekarun 1960, akwai kuma na uku da ake ajiyewa don masu ziyara idan wancan ya yi tafiya. Tsayinsa ya kusa santimita 90, nauyinsa ya ɗan haura kilo 15.

A ƙarƙashin tasar akwai manyan zobba biyar, a kansu ake buga sunaye da hannu, harafi bayan harafi. Kowane zobe yana ɗaukar ƙungiya 13. In ka matsa kusa za ka ga kurakuran masu bugun da idonka. A na 1972 an sa harafin Q a gurbin O cikin sunan Boston, a na 1981 harafi ɗaya ya faɗi a sunan ƙungiyar Islanders ta New York. A na 1984 akwai wurin da aka bi da jerin X aka rufe, saboda mai ƙungiyar Edmonton ya sa sunan mahaifinsa alhali ba shi da wani aiki a ƙungiyar. Waɗannan ba a goge su ba, haka aka bar su. Ni wannan ne ya fi burge ni, don sai ka ji kamar kana karanta allon da hannaye da yawa suka rubuta.

Suna ba ya hawa sai ƙungiyarka ta ci. Bayan an gama kakar wasa sai a shiga zagaye huɗu, kowane zagaye sai ka doke abokin karawarka sau huɗu, wato nasara 16 cikin wata biyu, kusan kwana ɗaya wasa kwana ɗaya hutu. Komai gwanintarka, in ba a kai ga ta 16 ɗin ba, babu kai. Henri Richard na Montreal sau 11 sunansa ya hau a matsayin ɗan wasa. Wasu manya kuma har suka yi ritaya ba su taɓa shi ba, kuma da gaske nake cewa taɓawa, don al'adarsu ce ɗan wasa ba ya sa masa hannu sai ya ci shi.

Kuma ko ya hau ba dawwama yake ba. Idan zoben ƙasa ya cika, sai a cire na sama a kai gidan tarihi a shimfiɗe a bango, a sa sabo a ƙasa. A 2018 aka cire mai ɗauke da 1954 zuwa 1965, wanda ke da sunayen manyan 'yan wasa irin su Maurice Richard da Gordie Howe. Wanda za a cire nan gaba shi ke ɗauke da 1967, shekarar ƙarshe da Toronto ta ci. Ƙungiyar da ta ɗauka sau 13, babu wadda ta fi ta sai Montreal mai 24, ga shi sunanta na neman sauka daga manyan zobban kofin gaba ɗaya in ba ta sake ci ba. Direbobin da muke aiki tare, 'yan asalin garin nan, wannan maganar tana hana su sukuni.

Maman Hanifa:

Baban Sadik barka da zuwa garinmu. Kawu ya gama da kofi, ni kuma 2004 a idona aka yi, lokacin ina ɗaliba, shekarata ɗaya da zuwa.

Jarome Iginla a Edmonton aka haife shi a 1977. Mahaifinsa Bayarabe ne da ya zo daga Najeriya, mahaifiyarsa Ba'amurkiya. Sunan ma da Yarbanci babbar bishiya yake nufi. A 2002 shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, guda 52, kuma ya fi kowa maki. A 2003 aka ba shi kyaftin na Calgary Flames. A tsawon wasansa ya ci 625, kuma tun 2019 babu mai sake sa lamba 12 a ƙungiyar, an ɗaga rigar sama a filin wasanta na Saddledome.

Kafin 2004 shekara bakwai Calgary ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba. Ba wanda ya sa mata rai. Sai ta fitar da Vancouver, ta fitar da Detroit, ta fitar da San Jose, dukkansu kuwa sun fi ta matsayi. Ɗakin da nake haya yana kusa da titi na 17, wanda tun lokacin ake kira jan mil saboda jajayen riguna. Duk daren da aka ci wasa, gilashin tagata har rawa yake don ihu da hon na motoci. Ni da ban san ko dokar wasan ba, sai da na sami kaina zaune gaban ƙaramar talabijin a ɗakin girki tare da matar gidan, wata tsohuwa da ke riƙe hannuna duk lokacin da aka nufi ragarmu.

Zagayen ƙarshe da Tampa Bay aka yi. Calgary tana gaba da wasa uku da biyu, na shida kuma a gida. Nasara ɗaya ta rage, kofin ma yana cikin ginin. Ana biyu da biyu a zubi na uku, sai ɗan baƙin faifan robar da suke bugawa ya daki takalmin Martin Gelinas ya nufi raga, golan Tampa, Khabibulin, ya tare da ƙafa. Da aka maimaita hoton, ta wata kusurwa sai ka ga kamar ya haye layi. Ba a ba da ci ba. Aka shiga ƙarin lokaci, aka sake shiga na biyu, Martin St. Louis ya ci wa Tampa. Bayan kwana biyu suka doke mu biyu da ɗaya a garinsu suka ɗauki kofi. Har gobe in ka ce wa ɗan Calgary 2004, amsarsa ita ce ta shiga.

Abin da ba na mantawa shi ne shirun da garin ya yi washegari. A cikin jirgin ƙasa mutane da jajayen rigunansu, ba mai magana da wani. Iginla shi ya fi kowa ci a zagayen neman kofi na shekarar, 13, har dambe ya yi da Lecavalier na Tampa a wasa na uku, ya ba da duk abin da yake da shi. Shekarar da ta biyo baya kuma rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya sa ba a buga gasar ba sam, ƙarfin da suka tara ya tafi a banza. Daga baya ya koma Pittsburgh da Boston da Colorado da Los Angeles yana nema, bai sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Wannan ne shirun da dattijonku ya yi.

Ɗan Zazzau:

Ni fa Yaya Maman Hanifa ban yarda a riƙa auna mutum da kofin nan kaɗai ba. Wasan mutum ashirin ne. Iginla ya ci wa Kanada zinare sau biyu a gasar Olympics, 2002 da 2010, kuma ƙwallon da Sidney Crosby ya ci Amurka da ita a Vancouver, wadda duk ƙasar ta fito titi a kanta, shi ya miƙa masa. A 2020 aka zaɓe shi cikin gwarzayen gidan tarihin da Kawu ya ambata, a shekarar farko da ya cancanta. Me kuma ya rage?

Baban Sadik, ka ƙara wa yaronka da wannan: ɗan wasa na farko da aka haifa a Najeriya ya buga NHL, a Zariya aka haife shi, 1975. Rumun Ndur sunansa, a Ontario ya girma, ya yi wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta wasa a matsayin mai tsaron baya. Ranar da na fara ganin Zariya a rubuce a gaban sunan ɗan hoki sai da na karanta sau biyu. Kuma duk sun bi sawun Willie O'Ree ne, baƙin fata na farko a gasar, wanda ya shiga wa Boston a Janairun 1958 idonsa ɗaya ba ya gani amma yana ɓoyewa, don in an sani ba za a bar shi ya buga ba.

Kawu na Toronto:

Ɗan Zazzau, maganarka tana kan hanya, darajar Iginla ba ta ragu ba. Amma ka duba yadda su 'yan wasan suka ɗauki abin. Ray Bourque ya yi sama da shekara ashirin a Boston bai samu ba, ya koma Colorado yana dab da ritaya. Da suka ci a 2001, kyaftin Joe Sakic ya karɓi kofin bai ɗaga ba, ya juya ya miƙa wa Bourque ya fara. Mutum ɗan shekara arba'in, gemu da furfura, yana kuka a kan ƙanƙara. Lambobin yabo yana da su birjik, amma wannan yake nema.

Akwai kuma al'adar da ban faɗa ba. Duk ɗan wasan da ya ci, ana ba shi kofin ya wuni da shi, ya kai garinsu. A 2022 Nazem Kadri, ɗan asalin Lebanon, ya zama Musulmi na farko da ya ci, da Colorado. Ranarsa ta zo a watan Agusta, ya fara da kai shi masallacin garinsu, Landan ta jihar Ontario. Muka tashi da asuba daga Toronto, tafiyar kamar awa biyu, ni da jikokina biyu. Na ga yara mata da hijabi a kan kafaɗun iyayensu suna leƙen kofin da aka sayo tun 1892. A watan nan ne kuma ya sa hannu da Calgary ɗinku.

Tun 1993 da Montreal ta ci, har zuwa 2025 babu ƙungiyar Kanada da ta sake ɗauka. Edmonton ta kai ƙarshe a 2024 da 2025, Florida ta hana ta duk biyun. Don haka ciwon maƙwabcinka ba nasa ba ne shi kaɗai.

Baban Sadik:

Allah Ya saka da alheri, Kawu da Hajiya da Ɗan Zazzau. Jiya bayan isha'i na karanta wa Sadik duka. Labarin Zariya ya fi kama shi, don can kakarsa ta wajen uwa take, har ya sa aka kira ta a waya ya gaya mata.

Yau da safe na ga dattijon yana goge ƙanƙara a gilashin motarsa. Na gaishe shi, sannan na ce masa na ji labarin wasa na shida, kuma an ce mini ta shiga. Ya tsaya ya dube ni, ya cire safar hannunsa a cikin wannan sanyin ya miƙo mini hannu. Ya ce yana da tsofaffin takalman sulun jikansa a gareji, in na amince zai kai Sadik filin ƙanƙarar unguwa ranar Lahadi ya koya masa tsayuwa. Na amince. Hajiya, a ina ake samun hular kwano ta yara mai sauƙin kuɗi a garin nan? Uwarsa ta ce ba zai taka ƙanƙara ba sai da ita.