Abin da aka ce kan tokarar ɗaga allon silin

Ga abin da na tsinta a wata doguwar hira da aka yi kan yadda za a ɗaga allon silin na jifsam a tokare shi a sama kafin a kafe shi:

1. Kusan kowa ya yarda tokara ta wadatar: katakon tubaifo, a gicciya masa wani mai kamar mita 1 a kai. Tsayin tubaifon ya ɗan ɗara na ɗakin, don ya cije da ƙasa in an tura.
2. A naɗe kan da tsumma, kada ya yaga takardar da ke jikin allon jifsam.
3. Allo mai mita 1.2 da 2.4 yakan lanƙwashe a tsakiya. Tokara biyu ke nan.
4. An rabu kan jak ɗin mota: wasu sun ce yana hutar da kafaɗa, wasu sun ce tangal-tangal yake yi a kan tayil. Ni dai ina bayan na biyun.
5. Mutum ɗaya ya nace a kira yaron shago ya riƙe kawai.