Bulon Wiwi Ko Na Rama? Muhawara a Zauren Maginan Gombe

Injiniya: Salamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani mai gini da karan wiwin masana'antu. Suna farfasa totuwar karan, su kwaɓa da ƙonanniyar farar ƙasa da ruwa, su zuba bango. Ɗaki yana sanyi, kuma wuta ba ta saurin cin sa. Abokan hulɗa suke nema a nan: mai gona, mai sito, magina. Ni dai na ce mu shiga, domin wannan ba wiwin shaye-shaye ba ne, doka ba ta hau kansa ba.

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ce me? Wiwi? Da furfurata?

Injiniya: Baba, sinadarin da ke bugarwa a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Ko buhu mutum ya zuƙa, ciwon kai kawai zai samu. Amurka ta halatta nomansa tun 2018, Faransa kuwa ta fi kowa noma shi a Turai.

Lauya: Yaya Injiniya, nan ne ka zame. Wancan lissafin na dokarsu ne. Tamu dokar hana wiwi ta 1966, da wadda ta kafa NDLEA a 1989, ba su ware mai ƙarfi da marar ƙarfi ba. Tsiron ɗaya ne, ganyen ɗaya. Jami'in da ya tarar da shi a gonarka ba da ma'auni zai zo ba, da ankwa zai zo. Ghana sai da majalisa ta yi dokar ba da izinin noman wiwin masana'antu a 2020, kotun ƙoli ta soke sashen a 2022, aka sake zartarwa a 2023. Baturen yana Faransa yana shan shayi, sunanka ne a takardar gona.

Injiniya: To a shigo da totuwar kawai, ba sai mun noma ba.

Hajiya Mai Bulo: Da wace dala? Abu ne marar nauyi mai cika kwantena, iska za ka biya wa kuɗin jirgi. Kafin ya iso Gombe daga Legas, bulo ɗaya ya yi kuɗin biyar.

Baba Magini: Ni tambayata ɗaya. Yana ɗaukar nauyin dakin, wato rufin kankare?

Injiniya: A'a Baba, sai an tsayar da ginshiƙai, shi cike ne kawai. Kuma yana ɗaukar makonni kafin ya bushe.

Baba Magini: Ashe tubali ne ya je makaranta. Mu ma da ciyawa muke kwaɓa ƙasa, mu bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki kafin mu murza. Ɗakin mahaifina yana nan, a watan Afrilu ka shiga da tsakar rana sai ka nemi mayafi.

Ɗan Bajoga: Jama'a, kun manta rama. Bayan an saɓule bawon don igiya, farin karan da ya rage, wanda yara ke hura wuta da shi, ai kusan irin totuwar da suke so ce, mai sauƙi mai ƙofofin iska. Ba mai kama ka don rama, sai dai mata su tsinke maka ganyen su yi kwaɗo. Dutsen farar ƙasa kuwa a kansa muke zaune, shi ya kawo kamfanin siminti Ashaka.

Lauya: Wannan zan iya rubuta wa yarjejeniya. Amma su yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su zo da kuɗinsu, kada a ce mu ne za mu fara zubawa.

Injiniya: Har yanzu ina ganin dokar ce ta tsufa, ba tsiron ke da laifi ba. Amma zan tambaye su ko sun taɓa gwada rama.

Hajiya Mai Bulo: Ka ce su gina bango ɗaya a filina, tsawon mita 2. Mu bar shi ya sha ruwan Agusta, gara ma ta ba da nata ra'ayin.

Baba Magini: Ni zan yi yaɓen. Amma kada kowa ya kira shi bangon wiwi a gaban surukaina.